Fatawa: Maƙwabciyata a Sikotland tana so in zama baƙon farko a gidanta daren sabuwar shekara

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina karatu a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, ba Musulma ba ce, amma tana kyautata mini ƙwarai. Ta roƙe ni in zama wanda zai fara taka gidanta bayan ƙarfe 12 na daren 31 ga Disamba, wai don ni dogo ne mai baƙin gashi, irina ne ke kawo sa'a. Ta ce za ta ba ni ɗan curin kwal da biskit da kwalbar wiski in fita da su, in agogo ya buga in ƙwanƙwasa in shigo. Ni ban yarda da wannan ba, kunyarta kawai nake ji. Ya halatta in yi mata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun dare bai yi ba. Bai halatta ka yi mata wannan aikin ba, amma ziyartarta da yi mata kyauta a wani lokacin daban halal ne, kuma za ka samu lada.

Abin da ta nema tsohuwar al'ada ce a Sikotland da arewacin Ingila, tana cikin bikinsu na ƙarshen shekara da suke kira Hogmane. Sunanta da yarensu yana nufin "ƙafar farko". Sharaɗinta shi ne kada mutumin ya kasance a cikin gidan lokacin da shekara ta juya, shi ya sa ta ce ka fita tukuna. Kowane kaya da ma'anarsa: kwal don kada murhu ya mutu, biskit ko kek don kada abinci ya yanke, gishiri ko tsabar kuɗi don wadata, wiski don annashuwa. Namiji dogo mai baƙin gashi shi ake so. Mai farin gashi ana gudunsa, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne tsoron maharan Viking, mutanen arewacin Turai masu farin gashi, da suka riƙa kai musu hari ta teku a zamanin da. A wasu yankunan mace ma ba a son ta riga kowa shiga. To ka ga al'adar fuska biyu gare ta: duk inda aka ce ƙafar wane sa'a ce, an ce ƙafar wani tsiya ce ke nan.

Wannan shi shari'a ke kira "ɗiyara", wato camfi. Asalin kalmar daga tsuntsu ne. Balaraben jahiliyya in zai yi tafiya sai ya tayar da tsuntsu, in ya yi dama ya kama hanya, in ya yi hagu ya koma gida. Daga baya sunan ya game duk wani abu da mutum zai gani ko ya ji, ya rataya alherin gobensa ko sharrinta a kansa. Alƙur'ani ya ba da labarin masu yin haka da mutane a wurare uku: mutanen Fir'auna da Annabi Musa a Suratul A'araf aya ta 131, mutanen Annabi Salihu a Suratun Namli aya ta 47, da mutanen alƙarya a Suratu Yasin aya ta 18. Dukansu cewa suka yi zuwan wani ne ya jawo musu masifa, kuma duka Allah ya mayar musu da maganarsu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ce camfi shirka ne.

Shirkar nan hawa-hawa ce, kada a cakuɗa. Wanda ya ƙudurta cewa baƙon da kansa yake kawo arziki ko talauci, ba da ikon Allah ba, ya yi babbar shirka. Wanda ya ce Allah ne mai yi, amma ƙafar baƙo sababi ce, ya yi ƙaramar shirka, domin ya mayar da abin da ba sababi ba sababi. Sababi hanya biyu ake gane shi: ko shari'a ta faɗa, kamar sada zumunci da hadisi ya ce yana buɗa arziki, ko a jarraba a gani a fili, kamar magani da cuta. Launin gashin mai ƙwanƙwasa ƙofa bai shiga ko ɗaya ba.

Kai kuwa ka ce ba ka yarda ba, don haka ba a cewa ka yi shirka. Sai dai zuciyarka kaɗai ka wanke, aikin yana nan yadda yake. Ita ta zaɓe ka ne saboda camfin, lokacin ma camfin ne ya yanka shi, kayan da za ka riƙe kuma nasa ne. In ka yi, da jikinka aka tabbatar mata da abin, Allah kuwa ya hana taimakekeniya a kan zunubi a Suratul Ma'ida aya ta 2. Ga kuma kwalbar nan. Hadisin Tirmizi da Ibnu Majah daga Anas ya lissafa mutum 10 da aka la'anta a kan giya, cikinsu har da mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko wa. Ko da babu camfi ko kaɗan, wannan kaɗai ya isa. In kuma ta ce a cire wiski a bar kwal da biskit, haramci ɗaya ne ya faɗi, ɗayan yana nan.

Wani mai karatu zai ce, ai Annabi (SAW) yana son "fa'alu", kuma shi ma ya taɓa yin kyakkyawan fata da zuwan baƙo. Gaskiya ne. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da Ƙuraishawa suka turo Suhailu ɗan Amru, Annabi ya ce wa sahabbai al'amarinsu ya yi sauƙi, domin sunan Suhailu daga sauƙi yake. Buhari ya kawo wannan. Amma duba yadda abin ya faru. Babu wanda ya zaɓi Suhailu a cikin Musulmi, babu wanda ya tsayar da shi a waje yana jiran sa'a ta cika, kuma da wani mai suna daban aka turo, ba za a fasa sulhu ba. Da aka tambayi Annabi mene ne fa'alu, cewa ya yi kalma ce mai daɗi, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Wato magana ce da ke faɗowa kunnenka ba ka nema ba, ta ƙara maka kyautata zato ga Allah, kamar maras lafiya ya ji ana kiran "Salim", wato lafiyayye. Malamin Malikiyya Alƙarafi ya kawo cewa fa'alun da ake nema da gangan, har da buɗe Mushafi don a ga abin da zai fito, haramun ne, domin ɗan'uwan ƙuri'ar kibau ne ta jahiliyya. In buɗe Alƙur'ani don neman sa'a bai tsira ba, ina ga tsayar da ɗalibi a bakin ƙofa da curin kwal?

Kada kuma mu yi wa Turawa dariya, mu ma muna da namu. Amaryar da aka kawo sai kasuwar miji ta karye, a ce farar ƙafa gare ta. Wadda aka samu buɗi bayan zuwanta, a ce mai goshi ce. Ɗan kasuwa ya ƙi ba da bashi da safe don kada a ɓata masa ranar. Hukuncinsu ɗaya da na Gilasgo, na amaryar ma ya fi muni, don an haɗa da zaluntar baiwar Allah da ba ta yi komai ba.

Ga yadda za ka yi. Same ta tun da sauran kwanaki, kada ka bari sai daren, don ta samu damar shirya abinta ba tare da jin ka yaudare ta ba. Fara da godiya kan karamcinta, sannan ka gaya mata gaskiya a taƙaice: addininka bai yarda wani mutum yana kawo sa'a ko rashinta ba, kuma ba ka ɗaukar giya. Kada ka ƙirƙiro uzurin tafiya ko rashin lafiya. Ƙarya ce, kuma baɗi za ta sake tambaya. Kada kuma ka nemo mata wani ya maye gurbinka. Daga nan sai ka yanka mata ranar da za ka zo, kamar 3 ga Janairu bayan hutunsu na kwana biyu ya wuce, ka tafi da abincin gida ko ka ɗauke mata cefane. Suratun Nisa'i aya ta 36 ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, Suratul Mumtahana aya ta 8 kuma ta buɗe ƙofar alheri ga wanda ba Musulmi ba matuƙar ba ya yaƙar mu.

Akwai abin da masu amsa irin wannan gayyata ba sa hangowa. In shekarar ta yi mata kyau, ka zama layarta, kowace Disamba sai an neme ka. In aka yi rashi ko ciwo a gidan, kai ne za a tuna.

Idan wata lalura ta taso a daren, kamar ta faɗi ko ta kira neman taimako, shiga kai tsaye ko da kai ne na farko, babu laifi a kanka, domin abin da ya kai ka daban ne. Wanda kuma ya riga ya yi a shekarun baya cikin rashin sani, ya yi istigfari ya daina, babu azumi ko ciyarwa a kansa. In ya ji wani ɗar-ɗar ya rage a ransa, kada ya bari ya hana shi abin da ya nufa, ya karanta addu'ar da Imam Ahmad ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru: "Allahumma la khaira illa khairuka, wa la ɗaira illa ɗairuka, wa la ilaha gairuka." Wallahu a'alam.