Furannin Turkawa: Reshe Ake Fara Zanawa

Ka ce furannin da ka kwaikwayo daga hoton tsohon bargon Turkawan nan sun fito maka a watse, alhali alharininka mai kyau ne. Zaren ba shi da laifi, ɗana. Kai da fure ka fara, su kuwa masu ɗinkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da reshe suke farawa.

Sake duba hoton. Rassa biyu ne ke hawa suna lanƙwasa, su haɗu su rabu, su bar gidaje masu tsini sama da ƙasa, kowane gida fure ɗaya ya cika shi dam. Layi na biyu kuma ya goce da rabin gida. Wannan shi ke riƙe aikin. Zana shi tukuna a kan lilin ɗin, ka auna gidajen, kafin allura ta taɓa yadi.

Furen kansa ba yadda yake a lambu suke yinsa ba. Shimfiɗe shi suke yi, a kalle shi ta gefe: tulif da dogayen kunnuwa masu tsini, karanfil a baje kamar mafici mai baki zarto-zarto, sai sumbul da wardi, wani lokaci da rumman. Kara Memi, shugaban masu zanen fada a zamanin Sultan Sulaiman da ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566, shi ya fito da wannan salo. Masaƙan birnin Bursa na Turkiyya suka ɗauka, masu allura kuma suka kwaikwayi saƙar a kan lilin, don ba kowa ke da kuɗin yadin Bursa ba. Shi ya sa suke ƙirga zaren yadin, su jera ɗinkin kusa da kusa har ka rantse saƙa ce.

Launinka kuma ya yi yawa. Na ƙarni na 16 da na 17 ja ne da shuɗi, ɗan kore da rawaya da fari, kowanne a gidansa, ba a sirka mai haske da mai duhu. Sirkin nan sai a ƙarni na 18 ya yawaita, da hannun Turawa a ciki, ni dai bai burge ni ba.

Gefen furannin da ka ga kamar an bar shi fili, da can baƙin zare ne. Ƙarfen da ke cikin rinin ne ya cinye shi. Kai ka mayar da shi, zare ɗaya siriri, bayan ka gama cika furen.