Finafinan jinyar iyaye: wanne zai taimaka wa mai jinya ta samu dangana?

Tambaya: Mahaifinmu ya kamu da cutar mantuwa, har ta kai wani lokacin yakan kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ina ƙarama. Ni nake jinyarsa a gidanmu da ke unguwar Birni, a nan Damagaram, kuma na gaji, ina kuma jin kunyar gajiyar. Shin akwai finafinan da za su taimaka mini in rungumi ƙaddara?

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Akwai su, amma ki guji irin waɗanda suke nuna 'ya mai biyayya da ba ta taɓa ɗaure fuska ba har ƙarshe, domin za su ƙara miki nauyin da kike ɗauke da shi ne kawai. Waɗanda suke da amfani su ne masu nuna mai jinya da gajiyarsa da fushinsa, ba tare da sun ce ƙaunarsa ta ragu ba.

Ki fara da fim ɗin ƙasar Iran na shekarar 2011, wanda Asghar Farhadi ya shirya, ana samunsa da fassarar Faransanci da sunan Une séparation. Labarin Nader ne, wanda ya ƙi bin matarsa zuwa ƙasar waje saboda mahaifinsa yana fama da cutar Alzheimer, wato wani nau'in cutar mantuwa. Da matar ta ce masa tsohon bai ma san ɗansa ne ba, sai ya amsa cewa shi ya san mahaifinsa ne. Akwai wurin da yake yi wa tsohon wanka a kan keken marasa lafiya, yana zuba masa ruwa a baya, sai kawai ya kifa kansa a jikinsa ya fashe da kuka. Akwai kuma matar da aka ɗauka aikin kula da tsohon, wadda ta buga waya tana neman fatawa kafin ta canza masa wandon da ya ɓata. Gida ne na Musulmi, saboda haka tambayoyinsa irin naki ne.

Na biyu shi ne The Father na 2020, na Florian Zeller, wanda ya sa Anthony Hopkins ya ci kyautar Oscar yana da shekara 83. An shirya shi ne ta yadda mai kallo zai shiga ruɗin da majinyacin yake ciki: ɗakuna suna canza kama, fuskar 'yarsa Anne tana komawa ta wata baƙuwa, agogonsa yana ɓata yana zargin an sace. Wanda ya kalle shi yakan rage gardama da tsoho, kuma a ganina idan Baba ya kira ki da sunan ƙanwarsa, amsawa ya fi gyara masa, domin tuna masa da rasuwarta sabon makoki ne a gare shi kowane lokaci. Ƙarshen fim ɗin, inda aka kai uban gidan tsofaffi, al'adar Ingila ce, ba shawara ba ce gare ki.

A kan kunyar da kika ambata kuwa, A Monster Calls na 2016 ya fi kowanne zuwa kusa. Yaro ne mai suna Conor, mahaifiyarsa tana fama da ciwon daji, kuma abin da yake ɓoyewa shi ne ransa yana fatan wahalar ta ƙare, ko da hakan na nufin rabuwa da ita. Sai da ya furta wannan da bakinsa sannan ya iya zama kusa da ita ya yi bankwana. Masu jinya da yawa suna da wannan tunanin, sai su tuna ayar da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf", su ɗauka sun halaka. Gajiyar da ke zuwa wa zuciya daban take da maganar da aka furta ga uba, kuma malaminku zai fi ni yi miki bayanin wannan.

Idan kina son mai ɗan raha, ki nemi Piku na Indiya, na 2015, inda Amitabh Bachchan ya fito a uba mai mita a kan ciwon cikinsa, Deepika Padukone kuma 'yar da suke faɗa kullum amma ba ta bar shi ba.

Kada ki kalli waɗannan tare da Baba. Ki kalle su da 'yan'uwanki maza da mata, sannan ku zauna ku raba kwanakin jinya da kuɗin magani. Idan kuma ruɗewarsa ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ku kai shi asibiti nan take, domin zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko sauyin sukari a jini suna iya jawo hakan, kuma ana maganinsu.