Amsar Hajiya ga mai tambaya kan sana'ar rumfa da kujeru

Assalamu alaikum matan gidan nan, barkanmu da yamma. Toh ƙanwata na saurari muryarki, kin ce kina so ki shiga harkar kayan biki, rumfa da kujeru da kwalliyar waje, wai kin ji an ce ni lokacin korona na fara, shi ne kike tambaya jari nawa ake buƙata, kuma ko ki dakata sai kin samu bashin gwamnati. Ni abin da na ji a muryarki tsoro ne, kina ganin idan kika fito da ɗan abinki masu manyan hol za su danne ki. Shi zan amsa miki, maganar jari kuma za ta shigo a hanya.

Kin ga mu nan Kano, ranar 11 ga Afrilu 2020 aka ce an samu mutum na farko mai korona, ranar 16 Ganduje ya kulle gari, sai ga Buhari ranar 27 ya ƙara mana sati biyu a kai, ga azumi ya kama, duk kun sani ba sai na maimaita ba. Litinin da Alhamis ake buɗewa daga goma na safe zuwa huɗu a yi cefane a koma. A wannan lokacin babu wata sana'ar taro, kada wata ta zo ta ce miki ta yi kuɗi a watan Afrilu ko Mayu, ƙarya ne, mutane ta rayukansu suke yi, dattawa suna ta tafiya, Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da muka rasa a wannan wata, har ministan lafiya daga baya ya fito ya ce mutum 979 aka bincika mutuwarsu a Kano. Wa yake ta biki?

Abin ya fara ne bayan an ɗage kulle farkon watan Yuli. Duk auren da aka ɗaga tun kafin azumi ya taru, iyaye sun gaji da ajiye 'ya'ya, an kai lefe an sa rana an ɗaga an sake ɗagawa, ga hol-hol a rufe, wanda ma aka buɗe mutane suna tsoron shiga ɗaki a rufe da esi. Sai kowa ya koma yadda iyayenmu suke yi, tsakar gida, ƙofar gida, filin makarantar Islamiyya. Toh mai babban hol me zai yi a tsakar gidan da ba ya cin mutum arba'in? Shi ya saba da kujera ɗari biyar da babbar mota, idan kika kira shi kika ce rumfa ɗaya kike so da kujera talatin a cikin lungu a Gwammaja ko Kurna, ko amsa miki ba zai yi da daɗin rai ba, kuɗin man motarsa ma bai fita ba. Nan ƙofar ta buɗe mana mu ƙanana.

Ni da kwasar adashi na fara. Kujerar roba 50, rumfa biyu, tabarmi manya, sai bokiti mai famfo guda biyu da sabulu, tunda lokacin ko'ina sai an ajiye abin wanke hannu a bakin ƙofa. Rumfar ma ba sayen ta na yi a haɗe ba, bututun ƙarfe aka sayo a Ƙofar Ruwa, mai walda na unguwarmu ya haɗa min ƙafafu masu cirewa, tamfol daban, yadin kwalliya kuma na shiga Kantin Kwari da kaina na zaɓo kala uku da suke shiga da kowane anko, fari da ruwan gwal da ruwan toka. Ki riƙe wannan, kada ki sayi kalar da take tashe a shekarar, amarya ɗaya za ta so ta ta biyu ta ce an gani a bikin wance.

Kuma 50 ɗin nan ta yi min rana, don a watan Disamba 2020 da cutar ta sake tasowa kwamitin gwamnatin tarayya na yaƙi da korona, na su Boss Mustapha, ya ce a rufe wuraren taro sati biyar, biki ko suna kada a wuce mutum 50. Daidai yawan kujeruna ke nan. Ba wai kowa ya bi dokar ba, mu da muka san bikin Kano, amma dai masu jin tsoro da ma'aikatan gwamnati da masu tsofaffi a gida sun bi, kuma su ne masu biya ba ja-in-ja. Ina jera kujerun da ɗan tazara, in ajiye takunkumi a faranti a bakin ƙofa kyauta, wallahi wannan takunkumin na kyauta ya kawo min mutane fiye da duk tallan da na yi a status, uwar amarya ta ga kin damu da tsohuwarta da ke zaune a gefe, gobe ita za ta ba ƙanwarta lambarki.

Maganar bashi kuwa, ehen. An yi na Babban Bankin Najeriya (CBN) ɗin nan na biliyan 50 da aka bi ta bankin NIRSAL, an yi tallafin gwamnatin tarayya na Survival Fund wajen watan Satumba 2020 da aka ba masu sana'ar hannu dubu 30-30, har rajistar sunan kasuwanci aka yi wa mutane kyauta. Wasu sun samu, Allah ya sa albarka. Amma da zama na yi jiran alat da damina ta wuce, bukukuwan bayan babbar sallah sun wuce, wata ta riga ni shiga gidajen. Ki cike duk fom ɗin da ya zo na halal, amma ki ci gaba da zubin adashinki.

Yanzu bari in faɗa miki abin da yake kashe wannan sana'ar, don ba rashin kasuwa ba ne. Kunya ce. Akwai wani bawan Allah a unguwarmu, babban mutum, ana girmama shi, ba zan kama suna ba wasu a gidan nan ma sun san shi. Zai aurar da 'ya, bai zo wajena ba, ta wajen maigidana ya bi bayan sallar isha'i, a ba shi kujeru duka da rumfa biyu, in an gama biki za a yi lissafi. Maigida ya shigo ya ce min ai ba a tambayar irin su kafin alƙalami. Aka kwashi kaya ranar Alhamis da sunan ɗaurin aure Juma'a. Juma'a ta wuce, Asabar aka ce yini, Lahadi aka ce ai baƙi daga Haɗeja ba su tafi ba, ni kuma ina da suna ranar Lahadin a wani gida na riga na karɓi kuɗin mutane, haka na je na yi hayar kujerun wani da kuɗina na kai musu don kada in ji kunya. Da kayan suka dawo kujera tara babu, huɗu ƙafa a karye, tamfol ɗaya an ƙona shi da garwashi, da gani a ƙarƙashinsa aka yi girki. Na aika, ya ce wai yara ne. Na sake aikawa, ya ce wa maigidana wai matarka ta cika son kuɗi, a wannan lokaci da kowa yake cikin jarrabawa. Jarrabawar ni ba ta same ni ba? Shi da ya yanka sa? Har yau ɗin nan da nake miki magana sisi bai ba ni ba, kuma in na wuce ta layinsu ina hango kujerata a shagon mai shayin ƙofar gidansa, na san abata, akwai ɗigon jan fenti a ƙafar baya. Mu gaisa lafiya lau, ina wuni Alhaji, lafiya lau Hajiya ya kasuwa. Ya kasuwa! Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, wannan kam ban yafe ba.

Toh me nake cewa ma... yawwa, kafin alƙalami. Rabin kuɗi kafin kaya su fita daga gida, ko ɗan uwanki ne ciki ɗaya. A ƙirga a gaban mai karɓa, ki ɗauki hoto ki tura masa ta waya da rana da lokacin dawowa, kujerar da ta ɓata ga kuɗinta an faɗa tun farko. Kuma fenti ba ya isa, ana kankare shi, ki sa a ɗora ƙusa a wuta a ƙona alamarki a ƙasan mazaunin kujera inda ido ba ya kaiwa. Wanda ya ji haushin wannan tsarin dama ba biya zai yi ba. Zaman makoki ne kawai nake sassautawa, shi wannan in maƙwabta ne ma ba na karɓar komai sai kuɗin ɗauko kaya, mutuwa tana kan kowa.

Sai iska. Ke da za ki yi aikin waje a garin nan, hadarin farkon damina ya fi ruwan Agusta haɗari, don shi da guguwa yake zuwa ba sallama. Kowace ƙafar rumfa a ɗaure mata buhun yashi, in ƙasa ce a kafa turke a ja igiya, in siminti ne buhu biyu. Tamfol kuma a ɗame shi ya zama gefe ɗaya ya fi tsawo, in ba haka ba ruwa ya taru a tsakiya ya yi tumbi, nauyin ya lanƙwasa ƙarfen, ko ya ɓarke a kan mutane da ankonsu. Yarana sun sani, da sun ga gabas ta yi baƙi ba sa jiran umarnina, yadin kwalliya ake fara saukewa, a bar wani da doguwar sanda yana ture ruwa daga ƙasa. Kuma kada ki naɗe tamfol da danshi, kwana biyu ya yi baƙi ya yi wari, amarya ba za ta zauna a ƙarƙashinsa ba.

Kin ce girma, yaya aka yi na girma. Ba wani sirri, duk abin da ya shigo na farko-farko kujera na ƙara da shi, sannan teburi, sannan kafet, janareta sai can baya, a'a tsaya, kuloli ne kafin janareta, don mata sun fi tambayar inda za a sa zoɓo da kunun aya ya yi sanyi. Mota kuwa ban saya ba, na samu mai kurkura ɗaya amintacce muka daidaita, shi ya san lungu ya san yadda ake ɗaure ƙarfe, in kika yi ta canza masu ɗauka kujerunki a hanya za su ƙare. Da rigakafi ya iso a watan Maris 2021 aka saki jiki hol suka dawo, na ɗauka shi ke nan, ashe mutane sun ɗanɗana, sun ga kamu da sa lalle da walima a gida ya fi sauƙin kuɗi kuma tsofaffi suna samun halarta, sai dina kawai ake kaiwa hol. Har masu hol ɗin yanzu in sun samu ƙaramin aiki ni suke turo wa.

Ke dai yanzu ki zagaya unguwarku ki ga mutum nawa ne suke ba da hayar rumfa, kalar me suke da ita, ƙarfe nawa suke kai kaya, don yawanci a makare suke zuwa, nan za ki ci su. Kuma ki fara tunanin inda za ki ajiye kayan, rana tana cinye kujerar roba ta yi fari ta riƙa karyewa, in ba ki da ɗaki ko zaure mai inuwa kada ki sayo tukuna. Ki biyo ni ta gefe in ba ki awon ƙafafun rumfar da za ki kai wa mai walda, an kira magariba bari in tashi.