Amsa kan tsohuwar NAS mai ɗaukar zafi

Ɗan'uwa, ka ce tsohuwar na'urarka ta ajiyar bayanai, wato NAS, tana ɗaukar zafi har ta kashe kanta, kuma kana son ƙara mata ƙarfi. A ganina, ka fara magance zafin kafin ka kashe ko kwabo a kan sababbin kaya.

Ka cire ta daga wuta, ka buɗe ta, ka busa ƙurar da ta taru a fanka da ramukan iska, domin danshin Legas yana sa ƙura ta manne ta toshe hanyar iska. Idan fankar tana ƙara, ka auna faɗinta, yawanci milimita 80 ko 92 ko 120, ka nemi irinta a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta da ke Ikeja, amma ka duba ko wayoyinta 3 ne ko 4. Man da ke tsakanin furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar) da ƙarfen sanyayawa shi ma yana bushewa, sai a goge shi a shafa sabo kaɗan. Faifan ajiyar da bayanan SMART (rahoton lafiyar faifai) suka nuna yana wuce digiri 50 kullum yana cikin haɗari.

Ƙarin RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, yana da amfani muddin ba a liƙe yake da babban allon na'urar ba. Faifai kuwa, bayan ka kwafe bayananka a wani wuri, ka sauya su ɗaya bayan ɗaya, ka jira RAID, tsarin da ke haɗa faifan su yi aiki tare, ya gama sake ginuwa, kuma ka zaɓi faifai nau'in CMR, domin nau'in SMR yana jan ƙafa a wannan aiki. Kada ka fara sai da UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya lalata bayanan.