Shin duk rigar da aka ɗinka a Bangaladesh aikin bauta ce?

Malam, tambayarka ita ce ko sunan ƙasar da ke wuyan riga ya isa hujja. Bai isa ba. Wannan tambarin inda aka ɗinka kawai yake nunawa, audugar da zaren kuwa suna iya fitowa daga wani wuri, kuma can ne ɓarnar ta fi ɓuya. Shi ya sa tun 2022 Amurka ke tsare kayan da ke da alaƙa da audugar Shinjiyang, wani yanki na ƙasar Sin da ake zargin ana aikin tilas a cikinsa.

Mutane kan haɗa ƙarancin albashi da bauta. A ƙarshen 2023 an tsayar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin ɗinki a Bangaladesh kan taka (kuɗin ƙasar) 12,500 a wata. Talauci ne, amma a ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) alamomin aikin tilas su ne riƙe fasfo, bashin dillali da ba ya biyuwa, danne albashi, da hana mutum ajiye aiki.

Kada ka yarda da takardar shaidar binciken masana'anta kaɗai. An binciki wasu masana'antun ginin Rana Plaza a Bangaladesh kafin ya rufta a 2013, mutum sama da 1,100 suka mutu. Duba ko kamfanin da ke sayar da rigar ya sa hannu a yarjejeniyar Accord ta kare lafiyar ma'aikatan ɗinki, ya kuma wallafa sunayen masana'antunsa. In odar kaya za ka yi da yawa, nemi mai bincike mai zaman kansa ya gana da ma'aikata a wajen masana'anta.