Amsoshin Wasiƙunku: Kwana Biyar a Kan Keke Cikin Tsaunukan Atlas

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Zariya, na haura shekara arba'in, kuma kowace Asabar nakan hau keke na yi kamar kilomita 40 don motsa jiki. Ina da niyyar zuwa ziyara Fas a ƙasar Maroko, sai wani abokina ya kawo shawarar mu ƙara da tafiyar keke ta kwana biyar tare da ja-gora cikin kwarurukan tsaunukan Atlas. Shin mai irin ƙarfina zai iya? Me ya kamata na bincika kafin na biya kuɗi, kuma wane lokaci ya fi dacewa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ka iya, in Allah ya yarda, amma kada ka auna kanka da kilomita 40 ɗin da ka ambata, domin a cikin tsauni ba nisan tafiya ne ke gajiyar da mutum ba, hawa da gangara ne. Zariya ba ta kai mita 700 a bisa teku ba, kuma hanyoyinta shimfiɗaɗɗu ne. Ƙauyen Imlil kuwa, inda da yawa daga tafiye-tafiyen nan ke farawa, yana kusan mita 1,800, wato daidai da ƙololuwar duwatsun Shere na Jos, kuma daga nan ne ake soma hawa. A bayansa Tubkal yake, mai mita 4,167, wanda babu tsaunin da ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Ba za a kai ku kansa da keke ba, amma mashigin Tizi n'Tamatert da ke bisa ƙauyen ya haura mita 2,200, ƙauyen Ukaimeden da ke yankin kuma yana wajen 2,600.

Abin da wannan tsawo yake yi wa jiki sananne ne. A mita 2,500 iskar da mutum ke shaƙa a kowane numfashi ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na wadda ake samu a bakin teku ba, saboda haka hawan da za ka yi kana hira a gida, a can sai ka ji zuciya na dukan uku-uku. Daga wannan tsawo ne kuma ciwon tsauni yakan fara kama wasu, da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, kuma bai san mai ƙarfi ba, bai san rago ba. Maganinsa shi ne a hau sannu a hankali, a sha ruwa sosai, idan kuma ya tsananta a sauko ƙasa. Idan kana da hawan jini ko wata larurar zuciya, ka ga likita tun kafin ka sayi tikiti. Sanyi ma yana ƙaruwa da kimanin digiri shida a kowace mita dubu, don haka rigar da ta ishe ka da rana a birnin Marrakesh, wanda ke ƙasan tsaunukan, ba za ta ishe ka a ƙauyen tsauni bayan magariba ba.

Inda na fi so ka mai da hankali shi ne gangara, domin a nan ne baƙi suka fi jin rauni. Hanyoyin da ake bi, ban da kwalta nan da can, hanyoyin alfadarai ne da na motocin ƙauye, cike da tsakuwa mai zamewa, dutse a gefe guda, rami mai zurfi a ɗaya gefen. Kana iya shafe rabin awa kana gangarawa hannunka bai bar birki ba, har yatsu su sage. Mai hawa keke a fili ya saba damƙe birki gaba ɗaya idan ya tsorata, kuma wannan ɗabi'ar ce ke wurga mutum ta kan kan keke. Ana sauke sirdi ƙasa, a miƙe a kan feda, a mayar da nauyin jiki baya, a riƙa taɓa birki biyun da yatsa ɗaya a hankali, ido kuma na kallon inda ake so a je, ba ramin da ake tsoro ba. Ranar da aka miƙa maka keken haya, kafin ka ɗora ƙafa, ka matsa kowane hannu ka ga wanne ne ke riƙe tayar gaba, domin a Ingila birkin gaba yana dama, a Faransa da yawancin Turai kuwa yana hagu, kuma kekunan da ke yawo a kasuwanninmu daga ko'ina suke zuwa. Idan kuma kuka haɗu da alfadari ɗauke da kaya a ƙuntatacciyar hanya, ka tsaya ta ɓangaren dutse, ka bar masa bakin rami, shi ya san hanyarsa.

Shirin da zan ba ka shawara shi ne ka daina ƙara nisa, ka nemi tudu. Ka riƙa hawa kwana biyu ko uku a jere, domin jiki ya koyi tashi da gajiyar jiya, in kuma da hali ka je Jos ka yi 'yan kwanaki a kan hanyoyin burji masu hawa da sauka.

Game da hanya, ba duk kwaruruka ne ɗaya ba. Yankin Imlil da Asni yana da tsananin hawa. Kwarin Ait Bugmez, wanda tsaunin Mgun mai mita 4,071 ke kallonsa, ya fi faɗi, ana bi ta tsakanin gonakin tuffa da itatuwan gyaɗar Turawa da gidajen jar ƙasa, kuma ni a ganina ya fi dacewa da wanda bai taɓa yi ba. Mafi sauƙi ita ce hanyar da ke tashi daga Teluwet, garin gidan sarautar Galawi, ta gangara kwarin Unila zuwa Ait Ben Haddu, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Tsohuwar hanyar ayari ce tsakanin Sahara da Marrakesh, mutanen yankin kuma Amazik ne, waɗanda harshensu dangin na Buzayenmu ne.

Kafin ka biya ko dirhami ɗaya, ka nemi a rubuto maka yawan mitocin da za a hau a kowace rana, ba kilomitoci kaɗai ba, domin kilomita 30 mai hawan mita dubu ta fi kilomita 70 a fili wahala. Ka tambaya ko ja-goran yana da takardar shaidar hukuma, kasancewar Maroko tana ba ja-gororin tsauni lasisi, sannan mutum nawa ne ke ƙarƙashinsa, ko akwai motar da ke biye da kaya wadda za ta ɗauki wanda ya gaji, da kuma wanda zai gyara keke idan sarƙa ta tsinke a inda babu mai faci. Hular kwano ba abin ciniki ba ce. Inshorar tafiyarka ma ka karanta ta da kyau, domin da yawa ba sa ɗaukar nauyin raunin da aka ji a irin wannan wasa sai an ƙara kuɗi. Ka kuma tambayi halin da masaukai da hanyoyi ke ciki yanzu, saboda girgizar ƙasar 8 ga Satumba, 2023, wadda ta hallaka kusan mutum 3,000, a lardin Al Hauz ta fi ɓarna, kuma Imlil da Asni a cikinsa suke.

Lokacin da ya fi kyau shi ne Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba da Oktoba. Da hunturu dusar ƙanƙara takan rufe mashigai, da tsakiyar bazara kuma ga zafi, ga ruwan sama na bazata da ke cika kwari cikin ɗan lokaci, kamar ambaliyar kwarin Urika ta watan Agusta 1995 da ta ci rayuka masu yawa. Ka duba kalanda kada tafiyar ta faɗo cikin azumi. Abinci da salla ba za su ba ka matsala ba, domin mutanen wurin Musulmi ne 'yan mazhabar Malikiyya, kusan kowane ƙauye da masallacinsa, abincin masauki kuma tajin ne, wato dahuwar nama da kayan lambu a kaskon ƙasa, da kuskus da burodi da man zaitun da shayin na'ana'a. Daga Fas akwai jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, tafiyar kusan awa bakwai, don haka ka fara yin ziyararka, sannan ka ware kwana ɗaya a Imlil ko Tabant, babban ƙauyen kwarin Ait Bugmez, ka huta, jiki ya saba da iskar wurin kafin ranar farko a kan sirdi.