Abin da ke karya shaf ɗin mashin ɗin ƙanƙara

Habu, jiya muna rufe gareji ka ce da ni, "Oga, yaya ƙarfe mai kaurin nan zai karye, alhali a kan dusar ƙanƙara mai laushi mashin ɗin yake tafiya?" Kana nufin shaf, sandar ƙarfen nan mai juyawa a cikin mashin ɗin ƙanƙara, wanda ake hawa kamar babur a kan dusar ƙanƙara. Sanyin Manitoba, nan ƙasar Kanada, bai bar ni na tsaya na ba ka amsa a bakin ƙofa ba. To ga ta.

Ka fara bin hanyar da ƙarfi yake bi. Inji ya juya kuloci na farko, bel ya miƙa wa na biyu, na biyun ya juya shaf na sama. Daga nan cen da ke cikin akwatin mai ya sauko da ƙarfin zuwa shaf na ƙasa, wanda haƙoransa ke jan tirak, robar nan mai zagayawa kamar ta katafila. Na ƙasan shi ne ka gani gida biyu a kan benci. Ko ƙirar Ski-Doo ne, ko ta Polaris, yawancin waɗanda ake kawo mana haka tsarinsu yake.

Shaf ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi, kuma wanda na fi kamawa da laifin shi ne boris na hagu, zoben ƙarfen da kan shaf ke juyawa a cikinsa. Boris na ɓangaren akwatin cen ɗan gata ne, kullum yana kusa da mai. Na hagun kuwa maraya ne, ɗan giris ɗin da ke cikinsa shi ne gatansa. Tirak na watsa masa ƙanƙara, ɗumi ya narkar da ita, ruwa ya silale ta bakin sil, robar da ke toshe bakin boris. Watan Afrilu mai mashin ya lulluɓe abinsa da tamfol, ba zai ƙara waiwayarsa ba sai Disamba. Duk watannin nan tsatsa na cin tuwonta a ciki. Ranar da aka fito da shi, boris ya cije, shaf ya ci gaba da juyawa a cikinsa, ƙarfe na gugar ƙarfe. Wurin ya yi zafi, ya sirance, wata rana ya ɓalle. In ka ga bakin shaf ya yi shuɗi-shuɗi, ba sai ka tambayi kowa ba.

A tsofaffin mashina ma boris ɗin yana yin sallama kafin ya tafi. Agogon gudu daga wannan kan shaf ɗin yake samun juyi, saboda haka in mutum ya ce maka allurarsa ta daina motsi, kada ka ruga sayen waya. Leƙa boris tukuna.

Sai ɗaurin tirak. Wasu na tamke shi tam wai don kada ya zame, ba su san wuyan shaf suke ja dare da rana ba. In kuma ya yi sako-sako, haƙora su riƙa tsallake, kana jin kaf-kaf-kaf, kowace ƙara duka ce. Ba a auna shi da ido. Ka ɗaga bayan mashin, ka rataya wa tirak nauyin da littafin kamfani ya faɗa, ka auna ratar da ya sauko. Na Polaris da yawa fam 10 ne, wajen kilo 4.5. Shi ma cen haka, kada ya yi tauri, kada ya yi lilo.

Laushin da kake magana kuwa, a sama kawai yake. Ƙarƙashinsa akwai kututture da dutse. Ga samarin nan masu tashi sama da mashin hannunsu na kan totur: tirak na gudu a iska ba nauyi, yana dira ƙasa ta cafke shi lokaci guda, inji kuwa bai daina murɗawa ba. Wa ke tsakiya? Shaf. In an dasa wa tirak ƙusoshi, ko an ƙara wa inji ƙarfi, abin ya fi muni, don babu ɗan zamewar da ke rage masa wahala.

Kada ka taɓa jefar da karyayyen shaf ba ka karanta bakinsa ba. In ka ga wani sashe sumul, da layuka zagaye-zagaye kamar na albasa, ya yi duhu, sai ɗan wuri kaɗan mai ƙyalli da kaushi, to tsohuwar tsaga ce ta daɗe tana tafiya, ranar dai ta ƙarasa. In kuwa bakin duk sabo ne, ƙarfen a murɗe, bugu ɗaya ne ya gama da shi. Na farkon, in ka sa sabo ba ka gano sanadin ba, mutumin zai dawo maka da fushi. Walda kuma kada ma ka kawo min zancenta.

Gobe da safe ka ɗauko wancan na kan benci, ka wanke bakinsa da fetur, ka gaya min wanne ne a cikin biyun. Sannan ka sassauta tirak ɗin jan mashin ɗin nan na lungu, ka kama shaf ɗinsa ta hagu ka girgiza. In ka ji ko ɗan motsi, ka kira ni kafin mai shi ya iso.